Wai An Ɓoye Maganin Ciwon Daji?

Maganar nan ta ishe ni, wai kamfanonin magunguna sun gano maganin ciwon daji, sun ɓoye don su ci gaba da tatsar marasa lafiya. Masu faɗa suna da hujjarsu, domin tsadar magani ta wuce hankali.

Sai dai ciwon daji ba cuta ɗaya ba ce. Nau'insa ya haura 100, kuma abin da ke maganin sankarar jini ba lallai ya taɓa ta mama ba. Dubi maganin Gleevec na kamfanin Novartis, wanda Amurka ta amince da shi a 2001. Yana daƙile wani nau'in sankarar jini, masu shansa da dama suna shekaru cikin harkokinsu. Masu kamfanin ba su ɓoye shi ba, kuɗi suka tsawwala masa, suka kwashi biliyoyin daloli.