An yanke mama ɗaya, wa ke kula da ɗayan?

Gwamnatin Ayalan ta ba ni haushi. Da kanta ta kafa dokar da za ta tilasta a rubuta a jikin kowace kwalbar barasa cewa shan ta na da alaƙa da sankara, ta sa watan Mayun 2026 a matsayin lokacin farawa. Sai ga shi a watan Yulin 2025 an ɗage zuwa 2028, wai don fargabar harajin da Amurka ke ƙaƙaba wa kayan Turai. Wato kasuwar masu giya ta fi lafiyar mai sha.

Wadda wannan jan ƙafa ya fi cuta ita ce matar da ta riga ta sha wuƙar likita. An cire ƙari, an gasa wurin da na'ura, an yi mata maganin sankara, gashin kanta ya zube ya sake fitowa, dangi sun zo barka. Kowa ya ce an rabu da bukar. To amma ɗayan maman yana nan, kuma wadda ta taɓa yin sankarar mama ta fi sauran mata haɗarin wata sabuwa ta ɓullo a can.

Tun 2009 masu bincike a cibiyar binciken sankara ta Fred Hutchinson da ke birnin Seattle a Amurka suka kwatanta mata 365 da sankara ta sake kama ɗayan mamansu da wasu 726 da ba ta sake kamawa ba, dukkansu masu irin sankarar da istirojin, sinadarin jikin mace, ke ciyarwa. Masu shan kofi bakwai na barasa ko fiye a mako, haɗarinsu ya kusa ninkawa. Masu shan taba, ya haura ninki biyu. Ƙiba ma ta ƙara nata kason. Kofi bakwai a mako fa kofi ɗaya ne a rana, daidai abin da aka daɗe ana kira sha na hankali. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: barasa na ƙara istirojin a jini, kuma idan jiki ya sarrafa ta tana zama wani sinadari mai lalata ƙwayoyin halitta. Mace na haɗiyar maganin tamoxifen shekara biyar don toshe wa istirojin hanya, kwalba kuma tana buɗe masa taga.

Masu cewa faɗin wannan ɗora wa mara lafiya laifi ne, su ajiye tausayin da ke ɓoye wa mutum abin da zai cece shi.

Na san abin da wani zai ce a nan gida: ai matanmu ba sa shan giya, wannan maganar Turawa ce. Wannan ita ce yaudarar da ta fi ba ni takaici. Barasar ma ana sha a ɓoye, shi ya sa ba a faɗa wa likita. Ita kuwa shisha ta shigo gidajen biki da ɗakunan 'yan mata da ƙamshin tuffa da na'ana'a, har ana cewa ruwan tulun yana tace gubar. Ƙarya ce, taba ce ta sake riga. Ga kuma magungunan ƙara ƙiba da ake sayar wa mata a kafafen sada zumunta kamar gyaɗa. Kunya ta hana majinyaciya faɗa, nauyin baki ya hana likita tambaya, sai a rabu a kan "Hajiya, ki dawo bayan wata shida."

Kowace shekara idan Oktoba, watan wayar da kai kan sankarar mama, ta kama, a sa riguna ruwan hoda, a yi tattaki, a ɗauki hoto, a koya wa mata duba mama da hannu. Madalla. Amma wa ke zama da wadda ta warke ya yi mata maganar taba, barasa da nauyin jiki? A sa wannan cikin takardar sallama daga asibiti, a faɗe shi da Hausa, kuma a faɗa a gaban maigidan, musamman idan shi ne mai busa hayaƙin a tsakar gida.