Kafin a ƙuntata wa iyali, a duba inda kuɗin ke tafiya

Jama'a, duk lokacin da aka ce a rage kashe kuɗi a gida, sai ka ga maigida ya tasa ƙananan abubuwa a gaba. Wa ya bar caja a jikin soket? Wa ya ƙarar da sabulu? Sai gida ya zama filin bincike, uwargida ta tsargu, yara su riƙa ɓuya, wata kuma ya ƙare aljihu yana nan yadda yake. A ganina an kama maganar ta wutsiya ne. Gaskiya ne da yayyafi kogi kan cika, amma kuɗin yawancin gidaje ba ta nan suke tafiya ba. Suna tafiya ne ta manyan abubuwa uku ko huɗu da ake biya kowane wata ba tare da an sake waiwayarsu ba.

Abu na farko, kuma wanda kowa ke gudu, shi ne rubutawa. Wata guda cur, duk abin da ya fita a rubuta shi a ranar, kafin a kwanta. Ba sabuwar dabara ba ce. Tun 1904 wata 'yar jarida a Japan, Hani Motoko, ta fito da littafin lissafin gida don matan aure, kuma har yau ana amfani da irinsa a can. Littafin makaranta da biro sun isa. Amfaninsa shi ne yana ƙaryata zato. Tambayi mutum nawa yake kashewa a data ko a kuɗin mota, zai faɗi wani adadi da dukan zuciyarsa, sannan littafi ya nuna masa wani daban. Kuma don Allah a yi shi tare, miji da mata. Wadda ke riƙe da cefane ta san abin da ke ƙarewa da wuri da abin da ke zama har ya lalace. In aka mayar da littafin makamin tuhuma, za a fara ɓoye masa gaskiya, shi ke nan ya tashi aiki.

Da littafin ya cika, babban layi a yawancin gidaje abinci ne. Wani masanin ƙididdiga Bajamushe, Ernst Engel, ya lura tun 1857 cewa gwargwadon ƙarancin samun iyali, gwargwadon girman kason da abinci ke cinyewa a cikinsa. Shi ya sa shawarar nan da ake yawo da ita, wai rabin albashi ga buƙatu, kashi 30 ga jin daɗi, kashi 20 ga ajiya, take ba ni dariya wani lokaci. An auna ta ne da mutanen da abinci da haya ba sa cinye musu kusan komai. Mai ƙaramin ƙarfi ya duba kicin ɗinsa, kuma ba rage wa kowa loma nake nufi ba. Abin da ake zubarwa nake nufi. Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a shekarar 2022 an zubar da abinci sama da tan biliyan ɗaya a duniya, kashi 60 cikin ɗari daga gidaje, wato kimanin kilo 79 ga kowane mutum a shekara. Lissafin ya haɗa da ɓawo da ƙashi, kada a ce na yi ƙari. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne rahoton ya nuna ba ƙasashen masu kuɗi kaɗai ke wannan ɓarna ba. Dafa fiye da cikin mutanen gida, kayan miya da suka ruɓe don an sayo da yawa, ragowar da aka ce sai gobe aka manta. Maganin ba shi da wuya: a samu ma'auni guda da aka san yana isar gidan, a duba abin da ke akwai kafin a fita cefane, a tafi da jerin abin da za a saya.

A nan zan saɓa wa masu cewa sari shi ne komai. Sari yana da riba a kan abin da ba ya lalacewa kuma ba a ƙara yawan amfani da shi don an gan shi da yawa. Amma akwai kayan da in sun cika gida hannu yake sakewa a kansu, abin wata biyu ya ƙare a wata guda. In za a yi sari, a raba shi kashi-kashi tun ranar, a fito da na mako kawai.

Sai wutar lantarki. Cajar da ake faɗa a kanta, in ba waya a jikinta, abin da take ja bai kai wat ɗaya ba. Masu cin wuta su ne duk abin da ke yin zafi ko sanyi: dutsen guga, abin dafa ruwa, risho na lantarki, firji, na'urar sanyaya ɗaki. Dutsen guga yakan ja wat 1,000 ko fiye, awa gudansa ya yi daidai da ƙwan LED mai wat 9 a kunne sama da awa 100. Don haka a tara guga a yi ta lokaci guda, a dafa iya ruwan da ake buƙata, a rufe tukunya in ana girki, kada a sa abinci mai zafi a firji. Wanda har yanzu yake da tsohon ƙwai mai wat 60 ya sauya shi da na LED mai wat 9, haske ɗaya ne, cin wutar bai kai kashi ɗaya cikin shida ba. Ka yi sau ɗaya, ya yi ta rage maka kowane wata ba sai ka tuna ba, kuma irin wannan ragin na fi so.

Haka ma kuɗaɗen da ke fita da kansu. Biyan kuɗin tashoshin da ba a kallo, manhajar da aka gwada aka manta, data mai sabunta kanta. A buɗe bayanan banki na wata uku, a soke duk abin da ba a taɓa ba. A kashe bidiyo mai kunna kansa a Facebook da sauransu, nan data ke ƙonewa.

Mafi munin duka shi ne bashi mai kuɗin ruwa, musamman na manhajojin waya da ke ba da rance cikin minti biyar. Kashi 10 a wata yana kama da abu kaɗan. Amma in ba a biya ba, ruwan yana hawa kan ruwa, a shekara guda bashin ya ninka sama da sau uku. Babu tsimin sabulu ko na wuta da zai cike wannan rami. Duk abin da aka rage a sauran wurare, nan ya kamata ya fara zuwa, a kashe bashin da ruwansa ya fi tsada kafin a yi maganar ajiya. Sayen kaya biya-kaɗan-kaɗan ma a tara jimillar abin da za a biya, a kwatanta da farashin hannu da hannu, kafin a sa hannu.

Akwai wuraren da ban yarda a taɓa ba: magani, karatun yara, da abinci mai gina jiki. Ciwon da aka ƙi kai wa asibiti yau, gobe kuɗinsa ya fi haka. Na kuma san akwai gidajen da an riga an rage duk abin da za a iya ragewa, samun ne bai kai ba, kuma ba zan tsaya ina yi musu wa'azin tattali ba.

Ga wanda ya samu rara kuwa, ko yaya take, kada ya jira ƙarshen wata ya ga abin da ya saura, don ba abin da zai saura. Ranar da kuɗi suka shigo ya cire ta, ya sa ta a asusun da ba shi da katin cirewa a aljihunsa, sannan ya yi kasafin watan da ragowar.