Mu Rubuta Mas'alolin Kasuwanninmu, Mu Kai Su Aji

Na daɗe ina koyar da darasin kasuwanci a wata makarantar gaba da sakandare a nan Kano, kuma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ɗalibi zai haddace ma'anar jari da riba, amma da zarar ka ajiye masa matsalar ɗan kasuwa ka ce ya yanke shawara, sai ya zuba maka ido yana jiran amsa.

Maganin da na gani shi ne a ɗauko abin da ya faru da gaske, a rubuta shi da alƙalumansa, a tsaya daidai inda mai abin ya rasa mafita, sannan a bar ɗalibai su yi muhawara. A Jami'ar Harvard ta Amurka, Christopher Langdell ya fara koyar da shari'a da hukunce-hukuncen kotu a 1870, makarantar kasuwancinta kuma ta rungumi salon a shekarun 1920. Amma wannan salo ba baƙonmu ba ne. Duk wanda ya zauna a zaure gaban malamin fiƙihu ya san yadda ake kafa mas'ala: mutum ya rasu ya bar mata biyu da uwa da 'ya'ya mata uku, yaya za a raba gadon?

Abin takaici, yawancin misalan da ke littattafanmu na kamfanonin ƙetare ne, alhali mahaifin ɗalibin yana da shago a Kantin Kwari. Me ya hana mu rubuta labarin mai sayen hatsi a Dawanau da ya tara kaya da kaka, farashi ya faɗi, mai bashi kuma yana bakin ƙofa? Ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016, ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, ga masaƙun Sharada da Challawa da suka durƙushe.

Rubutun dai yana da wuya. Ɗan kasuwa ba ya buɗe wa baƙo littafin cinikinsa, sai ka yi ta zarya, ka yi alkawarin sakaya sunansa. Mafi wuya kuma shi ne malam ya danne ra'ayinsa, domin da zarar ɗalibai sun hango inda ya karkata, muhawara ta mutu. Ni wata uku na yi kafin wani mai sayar da atamfa ya yarda ya nuna mini lissafinsa na shekara guda, kuma da shi zan buɗe zango mai zuwa.