Matar ka saka, 'yar fa?

Jiya bayan la'asar wata yarinyar maƙwabtanmu, ba ta wuce shekara bakwai ba, ta shigo ta ce, "Baba, don Allah ara min wayarka in kira Abbana." Lambar tana kanta, ta haddace ta tsaf. Na danna mata. Ta riƙe wayar da hannu biyu, tana murmushi tun kafin a ɗauka. Yana jin muryarta sai ya ce ta je ta gaya wa uwarta ta daina turo ta, ya kashe. Yarinyar nan ta miƙo min wayar ta ce, "Ƙila layin ne ya yanke." Ashe kwana uku ke nan da koro ta daga makaranta saboda kuɗin zango, abin da take son faɗa masa ke nan.

Wallahi ban yi barcin kirki ba, don na san mutumin. Sahu ɗaya muke tsayawa da shi. Shekara biyu ina ganin abin da ake ciki, ban taɓa ce masa ka ji tsoron Allah ba. Ni ma ina da nawa kason laifin.

Ɗan'uwana, matar ka saka. Igiyar aure ce ta tsinke, jini kuwa yana nan. Cin yarinyar nan, suturarta, maganinta da karatunta duk suna wuyanka. Malamanmu na Malikiyya sun ce ɗa namiji kana ciyar da shi har ya balaga ya iya neman na kansa, mace kuwa har sai ta tare a gidan mijinta. Ka ce, "Tunda ta tafi da su, ta ci da su." A ina ka samo wannan? Riƙo haƙƙin uwa ne, ciyarwa aikin uba ne. Lokacin da Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar rowar mijinta Abu Sufyan, ai Manzon Allah (SAW) cewa ya yi ta ɗebi abin da zai ishe ta ita da 'ya'yanta gwargwadon abin da aka saba.

Wani ya ce babu. To, Allah Ya san da babu, shi ya sa a Suratuɗ Ɗalaƙ Ya ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa ya ciyar daga abin da aka ba shi. Amma wane irin babu ne wannan da bai hana ka sauya waya ba, bai hana ka sabon aure ba, 'ya'yan amarya fes-fes, na wadda ta fita kuma takalmi ya fashe sai ɗinki ake yi? Haushin uwa ne kake hucewa a kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ke ma 'yar'uwata, ki ji tsoron Allah. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta, ta kuma hana a cutar da uba. Kada ki hana shi ganin 'ya'yansa, kada ki riƙa zaginsa a kunnensu.

Ko dokar da mutane suka rubuta da hannunsu ba ta ƙyale ka ba. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, a sashe na 27, ta ce gwamnatoci su tabbatar an karɓo wa yaro kuɗin ciyarwa daga iyayensa. Amma haba! Sai alƙali ya yi maka sammaci kafin ka sayi maganin zazzaɓin 'yar cikinka?

Da yarinyar nan za ta fita ta juyo ta ce, "Baba, in ya kira ka aiko a kira ni." Har yanzu da nake wannan rubutu bai kira ba. Yau in Allah Ya yarda zan tare shi bayan magariba. Kai ma da kake karantawa, in da wata tana jiran kiranka, don girman Allah ka kira ta yau. Ka kira ta.