Fitilun filin rawa: fuskar amarya ce ma'auni

Ina zaune a Manchester, kuma idan bikin 'yan uwanmu ya taso ni ake yawan turawa duba ɗakin taro. Idan na je gida Kano ma ba na rasa kamu ko dina. A wurare biyun ana kashe kuɗi sosai kan fitilun filin rawa, amma amaryar da aka taru dominta ba ta cika fitowa yadda take ba.

A nan Ingila an tsara ɗakunan ne don irin nasu bikin. Da zarar an gama cin abinci sai a rage haske, ɗaki ya yi duhu, shuɗi da kore su riƙa yawo a bango. Su hakan ya yi musu. Mu kuwa namu filin wurin ganin juna ne. Uwar ango za ta fito da ƙawayenta cikin anko, a yi liƙi, kowa yana so a ga wanda ya fito da wanda ya zauna. Ga shi shuɗin haske da kore ba sa shiri da baƙar fata. Na ga amarya da aka ɓata sa'o'i ana yi mata kwalliya, ta shigo fili, koren haske ya sauka a goshinta, fuskar ta koma kamar an shafa mata toka. Jan lallen hannunta ya dushe, zaren zinaren leshinta ya mutu. Raina ya ɓaci ƙwarai.

A gida matsalar ta sha bamban. Haske ya yi yawa, kuma daga wurin da bai dace ba yake zuwa. Yaron mai ɗaukar bidiyo ya riƙo farar fitila a kan sanda, ya dalle wa amarya ido daga taku biyu, tana ƙyafta ido, gumi yana karyo mata, hoda tana narkewa. A bayanta kuma fitilu masu jujjuyawa suna ta watsa launi bakwai ba tsari.

Shawarata ga mai ɗakin taro, a nan ko a can, ita ce ya fara da farin haske mai ɗumi, launuka su biyo baya. A jikin kwalin fitilar LED ana rubuta lamba da harafin K, mai nuna launin hasken. Daga 2700 zuwa 3200 shi ne mai ɗan ja-ja, wanda ke fito da fatarmu da sheƙi. Mai 6000 zuwa sama yana ɗaukar shuɗi-shuɗi, ya fi dacewa da ofis. Akwai wata lambar, CRI, mai nuna yadda fitila ke fito da launin abu na gaskiya. A nemi 90 ko fiye. Fitilu masu arha a wannan ma'aunin suke gazawa, shi ya sa jar atamfa ke komawa ruwan ƙasa a ƙarƙashinsu.

Wurin rataye fitila ya fi tsadarta muhimmanci. Fitila ɗaya a tsakiyar rufi, daidai kan mutum, tana jefa inuwar ɗaurin ɗankwali a kan idanu, sai ka ga ramuka biyu baƙaƙe. A sa biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, su sauko a karkace kamar digiri 45, inuwar wannan ta goge ta waccan. Faɗin hasken ma a duba. Fitila mai digiri 25 daga nisan mita 5 tana zana da'irar da ta ɗan wuce mita 2, daidai ango da amarya. Idan dangi suka cika fili, sai mai digiri 40 ko fiye. Fitila mai jujjuya kai tana da ranarta, wato lokacin shigowar amarya, idan akwai mai sarrafa ta da ya san aikinsa.

Akwai abin da nake so mu koya daga Turawa. A nan duk fitilar da aka rataya sama sai an ƙara mata igiyar ƙarfe ta biyu, ko da abin da ya riƙe ta ya kwance ba za ta faɗo kan mutane ba. A gida na sha ganin fitila mai nauyi ɗaure da guntun waya, yara suna rawa a ƙarƙashinta. Wannan igiyar kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Su kuma mutanen gida sun fi mu sanin darajar wuta, tunda a kan janareta ake yawancin biki. Tsohuwar fitilar halojin ɗaya tana iya shan wat 1000 ga zafi, alhali LED guda biyar ko shida ba lallai su kai haka ba. Sai dai wasu LED ɗin suna ƙyafce-ƙyafcen da ido ba ya kamawa amma kyamara na kamawa, bidiyon biki ya fito da zane-zane. Kafin ka biya kuɗin ɗaki, ka sa a kunna fitilun da dare, ka tsayar da wata 'yar uwa a tsakiyar fili cikin kayan biki, ka ɗauke ta da wayarka, ka duba fuskarta.