Me ya hana a yi mana askirim ɗin aya da kwalba?

Jama'a yau dai sai na faɗi abin da ke raina kan maganar askirim, don wallahi abin ya daɗe yana damuna. Ranar Asabar da ta wuce na kwashi yara muka je wani ƙaramin shagon askirim da aka buɗe nan kusa da mu a Kano, zafi kamar ana gasa mutum, kun dai san watan Afrilu yadda yake haura digiri 40 kafin azahar. Shago tsaf tsaf, yaron da ke zubawa mai fara'a, amma da na leƙa gilashin nan me zan gani, banila, sitiroberi, cakulan, ayaba, sai wani shuɗi da ko shi bai san sunansa ba. Duk garin askirim ne na kanti aka dama da ruwa aka zuba kala da filebo. Na ce masa ƙanena ba ku da na aya ko na kwalba, wato garin 'ya'yan kuka? Sai ya yi dariya ya ce "Hajiya ai wannan na gida ne, ba mai zuwa shago ya saya."

Maganar nan ce ta tsaya mini a wuya har yau.

Mu da muka tashi muna shan ƙanƙarar leda mun san daɗin abinmu. Mahaifiyata Allah ya jiƙanta, da sana'ar nan ta saya mana littattafai da takalman makaranta. Da daddare za ta jiƙa tsamiya, ta dafa zoɓo da citta da kanumfari, mu kuma mu zauna a tabarma muna ƙullawa a 'yan ƙananan ledoji har yatsunmu su yi jajir, da safe an jera a kula an kai ƙofar firamare. Ka ciji gefen ledar ka yi ta tsotsa har kalar ta ƙare ya rage farar ƙanƙara. A lokacin mai keken Fan Milk in ya danno hon ɗinsa sai wanda babansa ya samu ranar, kamfanin da tun shekarun 1960 yake aiki daga Ibadan, amma kullum ta yau da gobe dai ta leda ce.

To abin da nake so mutane su gane shi ne bambancin ƙanƙarar leda da askirim ba wani sihiri ba ne, maiƙo ne da suga da iska. Ruwa zalla in ya daskare tauri yake kamar dutse. Suga yana hana shi daskarewa gaba ɗaya, maiƙon madara yana sa laushi, juyawa kuma tana farfasa ƙanƙarar tun tana 'yan ƙanana tana shigar da iska. Shi ke nan fa. Duk abin da za ka iya yin kunu ko lemo da shi za ka iya mayar da shi askirim.

Ga yadda nake na aya. Busasshiyar aya kofi 2, a tsince tsakuwa a wanke sosai a jiƙa ta kwana, in garin da zafi a sa ta a firiji don aya ba ta da haƙuri, nan da nan take tsami. Da safe a markaɗa da dabino kamar guda 10 da aka cire wa ƙwallo, da ɓarin kwakwa da 'yar citta, ruwan kar ya yi yawa, mai kauri ake so ba irin na kunun sha ba. A tace da kyalle mai laushi sau 2 saboda dusar aya in ta shiga sai ka ji kamar yashi a harshe. Sai madarar gari kofi 1 da madarar ruwa gwangwani 1, a ɗanɗana, ya kamata zaƙin ya ɗan fi yadda kike so don sanyi yana rage jin zaƙi a baki. A zuba a faffaɗan mazubi a sa a firiza, duk bayan minti 40 a fito da shi a kankare gefe a buga da cokali mai yatsu, sau 4 ko 5. Nan ne mata da yawa ke gajiya su bar shi ya kwana, gobe su tarar da dutse su ce abin bai yi ba.

Na kwalba ma ya fi sauƙi kuma ni ya fi mini daɗi nesa ba kusa ba. Garin 'ya'yan kuka yana da ɗan tsami, da zarar ya haɗu da madara za ki ga ta kama jikinta ta yi kauri da kanta ba sai an sa komai ba, shi ya sa ma masu nono suke zuba shi tun kaka da kakanni. Cokali 4 a kofi 2 na madara mai kauri, da zuma ko mazarƙwaila da aka narkar. Ranar da na fara yi autana ya lashe roba ya ce Mama wannan a ina kika sayo.

Na san za a ce ina wutar? Gaskiya ne, ni ma akwai ranar da na yi haɗi mai kyau aka ɗauke wuta tun la'asar har wayewar gari, dole na zubar. Amma akwai dabara, ki sayi ƙanƙara ki farfasa a bokiti ki barbaɗa gishiri da yawa, ki zuba haɗin a gwangwani mai murfi ki nutsa a ciki ki yi ta juyawa, gishirin yana sa sanyin ya sauka ƙasa da sifili sosai, cikin kamar minti 20 ya kama. Da haka ake yi kafin a san firiza, na'urar hannu da wata mata Nancy Johnson ta yi wa rajista a Amurka a 1843 ma ƙanƙara da gishirin nan ne dai. Sai dai a azumi, irin na 2024 da 2025 da suka faɗo a Maris, ƙanƙarar kanta sai da layi.

Maganar wutar nan kuma ita ce ta sa nake tambaya a duk shagon da na shiga, kuna da sola ko janareta? Ba don rainin wayo ba, askirim ɗin da ya narke ya sake daskarewa madara ce da ta zauna a zafi, yara za ta iya ɓata wa ciki. Alamarsa ba ta ɓuya, za ki ga ƙanƙara a samansa kuma yana ƙaras ƙaras a baki.

Ni fa ba faɗa nake da ƙananan shaguna ba, ina son su, kuɗina ya shiga aljihun yaron unguwa ya fi mini. Amma in banila za ku sayar ai Cold Stone da suka shigo Najeriya tun 2012 sun fi ku injina da talla, ta ina za ku kamo su? Abin da ba su da shi ku kuke da shi a bayan gida, aya, goruba, tsamiya, fura, mangwaron da ke zuba a kasuwar 'Yan Lemo a wannan lokacin. A Balensiya ta ƙasar Sifaniya ayar nan tamu suke markaɗawa su kira ta horchata, har shaguna na musamman gare ta, baƙi na zuwa sha.

Kafin mu fito na ce wa yaron ya kira mini mai shagon, matashi ne bai fi shekara 30 ba. Ya ce tsoronsa aya ta lalace masa ya yi asara, kuma wannan gaskiyarsa ce. Na ce ya fara da kwalba tunda gari ne busasshe ba ya lalacewa, roba ɗaya kawai ranar Juma'a. Ya ce zai gwada, ni kuma na ce zan zo da ƙawayena 3 da yaransu bayan la'asar.