Wa ya ce ka sa masa ciyawa?

Kai jama'a, wannan hoton dokin da mutuminmu ya ɗora jiya kuna ta zuba masa "masha Allah falo ya haɗu", ni dai tun da na gani raina yake a ɓace. Wata biyu bawan Allah yana jiran a zano masa kwafin Whistlejacket, shahararren zanen wani dokin tsere mai wannan sunan, da hannu, fentin mai a kan kyalle, ya biya kuɗi masu ciwo, kaya ya iso an buɗe sai ga doki a tsakiyar ciyawa shar, ga gajimare, ga wani ɗan gida can nesa da bishiya biyu. Wai mai zanen ya ga bayan dokin ya yi fayau shi ne ya cike masa, kyauta ma ba ƙarin ko sisi. To sannu da ƙoƙari malam, Allah ya saka, ka gyara wa George Stubbs, Baturen Ingilan da ya yi zanen na asali, aikinsa bayan shekara sama da 260, da ma kai duniya take jira.

Wa ya ce ka sa masa ciyawa? Wannan fayau ɗin ai shi ne zanen. Wajen 1762 Stubbs ya yi shi wa mai dokin, wani basaraken Ingila da ake kira Rockingham, kyallen ya kusa mita 3 a tsaye, girman da a lokacin sarki a kan doki ake yi wa, amma nan babu sarki babu mahayi, ba sirdi ba linzami, ƙasa ma babu sai ɗan inuwa a ƙarƙashin kofatan baya. Ingarma ne shi kaɗai ya yi tabarya ya waiwayo, ja, geza da jela sun yi haske, idon nan kamar yanzu zai kai maka cizo. Idonka ba shi da wurin gudu, dole dokin za ka kalla. Shi kuwa namu gwanin ya zo ya ba ido bishiyar da zai je ya huta.

Na ga masu cewa ai da ma zanen ba a gama shi ba ne, wai an so a ɗora Sarkin Ingila George na 3 a kai sai aka fasa. Eh ana ba da wannan labarin, kamar yadda ake cewa dokin ya ga hoton kansa ya taso masa da faɗa, labari dai. Akwai wasu zanen da Stubbs ya yi wa Rockingham ɗin nan a lokacin, na goɗiyoyi da 'ya'yansu, su ma bayansu wayam, su ma mantuwa ya yi kenan? Kuma ko da a ce ba a gama ba, kai aka bar wa wasiyyar gamawa?

Sai masu "kuɗinsa ne ina ruwanka". Kuɗinsa ne mana, shi ya sa nake jin haushi, Whistlejacket ya biya aka kawo masa kalanda. Masu "ai kwafi ne ba na asali ba" kuma, wa ya ce na asali ne? Na asalin yana Landan a gidan ajiye zane-zane na National Gallery, fam miliyan 11 suka saye shi a 1997, wani na Stubbs ɗin ma, na dokin tsere Gimcrack, sama da fam miliyan 22 ya tashi a gwanjo a 2011. Ba mu da su, ba ma kusa. Ni ban raina kwafi ba wallahi, sana'a ce, a Dafen can Shenzhen ta ƙasar Sin unguwa guda da ita suke ci, kuma wanda ya zauna da buroshi ya bi tsokar doki ɗaya bayan ɗaya ina ganin girmansa. Amma in ka ce kwafi za ka yi to ka yi kwafi. Masu maganar hukuncin rataya hoto a ɗaki ku wuce wajen malamai, yau ba ita nake ba.

Abin da ya fi taɓa ni, tsakani da Allah, Stubbs ɗin nan wajen wata 18 ya yi a ƙauyen Horkstow na Ingila yana rataye mushen doki yana feɗewa, fata, nama, jijiya har ƙashi, cikin wari, yana zanawa, don kawai in ya ja layi a cinyar doki ya san me ke ƙarƙashi. Kuma ba doki kawai ya zana ba, wannan dokin ya zana, jikan shahararren ingarman nan Godolphin Arabian, kuma Whistlejacket ɗin ne ya ci tseren mil 4 a York a 1759 kan gini 2,000, tsohon kuɗin Ingila. Duk wanda ya taɓa zama a barga ya san babu doki biyu iri ɗaya, ɗan barga ko a duhu zai gane nasa da haniniya. Mutum ya sha wannan wahalar ya cire komai don a ga dabbar, kai ka mayar da ciyawa. Ciyawa fa!

Af, ku duba tsoffin zanen sukuwa na Turawa, irin na Bafaranshen nan Géricault na 1821, za ku ga dawaki a sama ƙafafun gaba sun miƙe gaba na baya sun miƙe baya kamar an shanya fata. Doki ba ya gudu haka, sai da mai ɗaukar hoto Muybridge ya ɗauka da kyamara a 1878 aka ga lokacin da ya bar ƙasa ƙafafun a tattare suke a ƙarƙashin ciki. Irin wancan shanyayyen dokin nake gani a bayan manyan motoci tun ina yaro kuma har gobe ina son sa. Yanzu duk sitika ta cinye, don Allah wanda ya san mai fentin bayan mota da har yanzu yake yi da hannu ya taɓa ni ta inbos.